Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Ministan Abuja: ƙuda ya fi motar shara cika alkawari

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa, maganar tsutsa ce ta kawo mu, wadda ke cika mazuban shara a gidaje daga Kubwa har Nyanya da zarar bazara ta kama.

Lissafin ba wuya. Ƙuda ɗaya kan zuba ƙwai kusan 100 a zama guda, a kan hanjin kifi, ɓawon mangwaro ko kunzugun jarirai. A zafin Maris da Afrilu, kafin awa 24 sun ƙyanƙyashe. Tsutsar ta yi kwana 4 ko 5 tana ci, sannan ta rarrafo ta bakin mazubi, ta nemi busasshiyar ƙasa ta lafe. Kwana 7 zuwa 10 daga ƙwai, sabon ƙuda ya tashi ya sauka kan tuwon yara. To motar da ba ta leƙowa sai bayan mako biyu, me ta zo kwashewa? Ƙuda ya riga ya yaye 'ya'yansa, har ya ga jikoki. Takardar kuɗin shara kuwa ba ta taɓa ɓatan hanya ba.

Kada a ce mana ƙazantar magidanta ce. Mai gida zai tsane ruwan ragowar abinci, ya ƙulle shi a leda, ya ajiye mazubin a inuwa da murfi a rufe. In tsutsa ta fito, tafasasshen ruwa ke kashe ta nan take, sai a wanke da bilic kashi 1 cikin ruwa kashi 9, a kife a rana ya bushe, a barbaɗa toka a gindinsa. Fesa fiya-fiya asara ce: saman shara kawai take taɓawa, tsutsar na can ƙasa cikin damshi, ga haɗari ga yara. Amma duk wannan sai an zazzage mazubin tukuna. Wa zai wanke durom cike maƙil, murfi ya ƙi rufuwa?

Don Allah, ranka ya daɗe, a wajabta wa 'yan kwangila kwasa sau biyu a mako daga Fabrairu zuwa Mayu, kada tsakani ya wuce kwana 4. A liƙa ranakun kowace unguwa a inda kowa zai gani, wanda ya tsallake rana a zaftare masa kuɗi. Ba mu manta kwalarar 2021 ba, ƙudan da ya tashi daga bola kuma ba ya wanke ƙafa kafin ya hau kwano.

Batun mazuban da murfinsu ya karye da magudanan da suka toshe, sai wani jiƙon.

Naka,
Wasu masu kishin tsaftar muhalli, Abuja