Kada Binciken Rini da Ƙarfe Ya Tsaya a Faranti

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida mai albarka domin in ja hankalin masu ɗaukar nauyin bincike a jami'o'inmu, musamman TETFund, kan wani fanni da ɗaliban kimiyyar sinadarai suka daɗe suna shan wahala a kansa, wato haɗa sinadaran rini da ƙarafa irin su jan ƙarfe, tutiya da kobalt, don neman maganin ƙwayoyin cuta da ciwon daji.

Dangantakar rini da magani ba ta yau ba ce. A 1891 Paul Ehrlich ya gwada wani shuɗin rini a kan masu zazzaɓin cizon sauro a Jamus, a 1935 kuma Gerhard Domagk ya bayyana cewa jan rinin Prontosil yana warkar da cututtukan bakteriya. Hatta maganin jibi (GV) da ake shafa wa yara a gyambo rini ne. Ta ɓangaren ƙarfe kuwa, binciken Barnett Rosenberg na 1965 shi ya haifar da cisplatin, maganin daji mai filatinam da Amurka ta amince da shi a 1978. Hikimar haɗa su ita ce, idan rini ya riƙe ƙarfe, haɗin yakan fi samun sauƙin ratsa maiƙon da ya lulluɓe ƙwayar cuta, har ya isa ciki ya hana ta hayayyafa.

Abin da ke damuna shi ne inda aikin ke tsayawa. Ɗalibi zai shafe watanni yana dafa sinadari har ya sami garinsa mai launi, ya ɗiga shi a farantin da aka shuka bakteriya, washegari ya ɗauki rula ya auna faɗin da'irar da ta washe inda bakteriya suka kasa girma, sannan a rubuta sakamako a ajiye a kanta. Alhali kashe ƙwayar cuta a faranti ba shi ne magani ba, sai an tabbatar bai illata hanta da ƙodar mutum ba. Mercurochrome, jan maganin rauni da ya haɗa rini da zaiba, ya yi shekara da shekaru a gidaje kafin Amurka ta cire shi daga jerin magungunan da ta ɗauka marasa haɗari a 1998.

Buƙatar kuwa tamu ce kafin ta kowa, domin an ƙiyasta cewa ƙwayoyin cuta masu bijire wa magani sun kashe mutum miliyan 1.27 a 2019, kuma yammacin Afirka ne abin ya fi yi wa ɓarna. Saboda haka ina kira da a ware kuɗi don ɗakunan gwajin guba da na renon ƙwayoyin ciwon daji, a kuma haɗa masana sinadarai da masana magunguna a aiki ɗaya. 'Yan jarida su ma su daina kiran sakamakon faranti waraka, don marasa lafiya suna karantawa.

Wassalam.

Mai karatunku daga Zariya