Wasiƙa zuwa ga ƙawata a Toronto

Ƙawata,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu. Ina maigida da yara, ya kuma sanyin ƙasar taku? Mu nan hunturu ya kankama, leɓuna duk sun tsage, yara sai tari, amma mun gode Allah. Ki yafe mini jinkirin amsa. Saƙonki ya same mu cikin makoki, domin Mama Babba ta Zumuntar Mata ta koma gida makonni uku da suka wuce. Na san abin zai taɓa ki, tunda ita ta yi miki wankan jego a haihuwarki ta fari.

Ranar jana'iza coci bai ɗauki jama'a ba. Maƙwabtanmu Musulmi ma sun zo, suka cika gindin darbejiyar nan ta bakin ƙofa. Mai kokon layinmu ta riƙe hannuna tana kuka, ta ce lokacin da ɗanta ya kwanta asibiti Mama ce ta kwana huɗu a kan tabarma kusa da ita. Da aka tashi karanta tarihin Mama sai ga shi bai wuce layi uku ba: sunanta, shekarunta, yawan 'ya'ya da jikoki. Na dawo gida abin yana cin raina, daren nan ban runtsa ba, sai tunanin wata mata 'yar ƙasar Sin da na karanta labarinta bara lokacin da aka ba ni jawabi a taron Zumunta. A garin da kike zaune ta ƙare rayuwarta, shi ya sa na ce dole in ba ki labarinta.

Sunanta Florence Li Tim-Oi. An haife ta a Hong Kong a 1907, zamanin da gidaje da yawa ba sa murnar haihuwar mace, amma mahaifinta ya raɗa mata Tim-Oi, wato 'ya abar ƙauna. Florence kuwa ita ta zaɓa wa kanta lokacin baftisma, saboda ma'aikaciyar jinyar nan Florence Nightingale. A 1931 ta je sujadar da aka keɓe wata Baturiya ta zama dikon, mai wa'azi ya tambaya ko akwai 'yar Sin da za ta ba da kanta haka. Tambayar ta bi ta har gida. Ta tafi makarantar tauhidi a birnin Kanton, a 1941 aka keɓe ta dikon, aka tura ta Makau.

A ƙarshen wannan shekarar sojojin Japan suka ci Hong Kong. Makau tana hannun Fotugal, wadda ba ta shiga yaƙin ba, don haka 'yan gudun hijira suka yi ta kwarara can. Ke da kika ga yadda harabar cocinmu ta cika da katifu da tukwane lokacin rikici, ba sai na zana miki ba. Ita ke wa'azi, ita ke baftisma, ita ke binne matattu, ga masu yunwa a bakin ƙofa. Abu ɗaya dokar Ikkilisiya ta hana ta, wato keɓe Jibin Ubangiji, firistoci maza kuma yaƙi ya tare musu hanya. Mataimakin bishop ya ba ta izini ta riƙa yi. Da labari ya kai wa Bishop Ronald Hall na Hong Kong, sai ya ga bai dace mutum ya riƙa aikin firist ba tare da an ɗora masa hannu ba. Ya aika mata ta zo ta same shi a yankin da Japan ba ta mamaye ba. Ta yi tafiyar kwanaki, ta ratsa wuraren da sojoji ke tsaro, ranar 25 ga Janairu 1944 ya keɓe ta. Ita ce mace ta farko da ta zama firist a duk Ikkilisiyar Angilikan ta duniya.

Da yaƙi ya ƙare sai ƙura ta tashi. Manyan Ikkilisiya a Ingila suka ƙi amincewa, matsin ya yi wa Bishop Hall yawa, a 1946 ta miƙa takardar izininta ta aikin firist. Gaskiya da na kai nan a karatuna raina ya ɓaci, har da ita kanta. Na ce ina ma ta tsaya ta ƙi, tunda lokacin da ake mutuwa ba wanda ya tambayi ko ita mace ce. Sai daga baya na lura da abin da ta yi. Takarda ta mayar musu, amma ba ta taɓa cewa ta ajiye keɓewar da aka yi mata ba, kuma ba ta yi fushi ta bar cocin ba. Aka tura ta Hepu, can kudu kusa da iyakar Biyetnam, ta buɗe gidan haihuwa domin kada a riƙa hallaka jarirai mata. Wadda mahaifinta ya yi murna da zuwanta ta koma tsaron 'ya'yan da ba a so. Wannan wurin ya sa ni hawaye.

Abin da ya biyo baya ya fi muni. 'Yan gurguzu suka karɓi mulkin Sin a 1949, sannu a hankali aka rufe coci-coci. Aka tura ta gona kiwon kaji, daga nan masana'anta. Da guguwar Juyin Al'adu, wato yunƙurin 'yan gurguzu na kawar da tsofaffin al'adu da addini, ta taso a 1966, matasan nan masu jan ƙyalle a damtse suka tilasta mata ta ɗauki almakashi ta yayyanka rigunanta na hidima da hannunta. Kin san yadda Mama ke goge zanen Zumunta daren Asabar, ta ninke shi ta sa ƙarƙashin filo don kada ya yamutse. To ki ɗauka an miƙa mata almakashi an tsaya a kanta. Li ta faɗa da bakinta cewa wahala ta kai ta har ta yi tunanin kashe kanta. Addu'a kuwa sai ta hau dutse ita kaɗai inda ba mai gani. Shekara sama da ashirin ke nan ba bagade, ba ikkilisiya.

Sai a 1979 aka sake buɗe coci, ta koma hidima tana da shekara saba'in da 'yan kai. Ashe tun 1971 Hong Kong ta riga ta keɓe wasu mata biyu, ta kuma amince da ita a matsayin firist. Daga baya ta koma wajen danginta a Toronto, ta ci gaba da hidima a can. A 1984 aka yi bikin cikarta shekara 40 da keɓewa a babban cocin Westminster na Landan, a ƙasar da ta ƙi ta da farko. Ta rasu ranar 26 ga Fabrairu 1992. Wata tara bayan haka majalisar Cocin Ingila ta kaɗa ƙuri'ar yarda da keɓe mata, aka fara a 1994. A shekarar ne kuma aka kafa gidauniya da sunanta wadda ke biya wa mata kuɗin karatu don hidima, da yawansu 'yan Afirka.

Kin san Ikkilisiyar Angilikan ta Najeriya har yau ba ta keɓe mata firistoci, kuma akwai dattawan da nake ganin girmansu a kowane ɓangare na wannan magana. Ni dai abin da ya tsaya mini a maƙoshi shi ne layi ukun nan. Li ta samu bishop da ya ga aikinta ya kira shi da sunansa, ko da an zo an ƙwace takardar. Mama ta yi shekara arba'in tana sasanta ma'aurata, tana wanke gawa, tana tara kwanon masara gida-gida don gwauraye, mu da muka ci moriyarta ko rubutawa ba mu yi ba. Na sayi littafi mai bango mai kauri, na fara zagayawa wajen tsofaffin Zumunta ina rubuta abin da kowacce ta tuna. Ki aiko mini da naki, musamman na kwana arba'in ɗin da ta yi a ɗakinki.

Sai roƙo na biyu. Cocin Angilikan na Kanada yana tunawa da Li kowace 26 ga Fabrairu. Idan Allah ya kai mu, ki daure ki nemi ikkilisiyar 'yan Sin da ke nan garinku ki shiga sujadarsu. Mai yiwuwa ki tarar da wata tsohuwa da ta taɓa karɓar Jibi daga hannunta. Ki tambayar mini yadda muryarta take, da yadda take gaisawa da mutane a bakin ƙofa bayan an tashi.

Ki kira babbar 'yar Mama ki yi mata ta'aziyya, ta tambaye ki har sau biyu. Daddawa da kukar da kika ce suna nan na ƙulle, ina jiran mai tahowa. Ki gaida maigida, ki shafa mini kan auta.

Taki har kullum,
Ƙawarki