Kada mai ciwon sukari ya ajiye ƙwayar likita saboda maganin jarka

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida in yi magana a kan wani abu da ya taɓa gidanmu, wanda kuma na tabbata yana taɓa gidaje da yawa a nan Maraɗi da ƙauyukan da ke kewaye da ita, wato yadda masu ciwon sukari ke ajiye maganin da likita ya rubuta musu da zarar sun ji sauƙi, su koma ga abin da ake talla da lasifika a bakin kasuwa.

Yayana ɗan kasuwa ne, ya daɗe yana bin hanyar Ɗan Isa da Jibiya zuwa Katsina sayo kaya. Shekara takwas da suka wuce ya fara rama, ƙishirwa ba ta barinsa, a dare ɗaya sai ya fita fitsari sau biyar ko shida. Da aka auna jininsa da safe kafin ya karya kumallo, sai aka samu sukarin ya haura giram 2 a lita, alhali iyakar da likitoci ke tabbatar da ciwon a kanta ita ce giram 1,26 idan an maimaita awon an sake samun haka. Wannan adadi shi ne 126 da wasu na'urori ke nunawa, shi ne kuma 7 a wani ma'aunin, kuma ya kamata masu zuwa asibiti a tsallaken iyaka su san da haka don kada lambobin su ruɗa su. Likita ya ɗora shi a kan metformin, ƙwaya ɗaya da safe ɗaya da dare, bayan cin abinci. Cikin ƴan watanni jikinsa ya dawo, barcinsa ya daidaita, ya ci gaba da harkokinsa.

A nan matsalar ta faro. Wata ranar kasuwa ya tsaya gaban wata mota da aka ɗora wa lasifika, mai maganin yana rantsuwa cewa jarka ɗaya ta jiƙonsa tana tumɓuke ciwon sukari daga saiwa cikin kwana arba'in, yana kuma cewa ƙwayar asibiti bautar da mutum take yi har kabari. Yayana ya biya jika goma ya ɗauko jarka. Na ɗanɗana abin da bakina, ɗacinsa ya fi na maɗaci, kuma ɗacin nan ne ya ƙara masa yaƙini, domin mutanenmu sun ɗauka cewa ɗaci ne ke kashe zaƙi a cikin jini kamar yadda yake kashe shi a kan harshe. Ya ajiye ƙwayarsa bai gaya wa kowa ba. Bayan kamar wata bakwai, wata rana da magariba uwargidansa ta ɗauki takalminsa za ta kawar, sai ta ga jini ya bushe a ciki. Ashe ƙusa ce ta huda masa tafin ƙafa tun da hantsi, ya yini yana tafiya a kanta bai ji komai ba. Ciwon ya ƙi warkewa, ya ruɓa, kuma kafin a shawo kansa sai da aka yanke masa yatsu biyu.

Hausawa na cewa jiki magayi, amma a wannan ciwo jiki ba ya saurin faɗa. Sukari na iya yin sama shekara da shekaru mutum yana cin kasuwarsa, alhali a ɓoye yana lalata ƙananan hanyoyin jini na ido da na ƙoda, yana kashe jijiyoyin ƙafa har mutum ya daina jin ƙaya. Irin ciwon da ya fi yawa a tsakanin manya, wanda likitoci ke kira nau'i na biyu, yana zuwa ne idan jiki ya daina amsa wa sinadarin insulin yadda ya kamata, sashen jikin da ke samar da shi kuma, wato pankiriyas, ya fara gajiya. Babban aikin metformin shi ne rage yawan sukarin da hanta ke zubawa a jini, kuma yana wannan aiki ne muddin ana shan sa. Duk wanda ya taɓa noman rani a Jiratawa ya san cewa koren da yake gani a lambu na ban ruwan jiya ne, ranar da aka daina kuwa ƙasa za ta koma yadda take. Gaskiya ne akwai waɗanda suka rage ƙiba sosai tun ciwon yana sabo har sukarinsu ya sauka likita ya rage musu magani ko ya tsayar, amma awo ne ke yanke wannan hukunci, musamman awon nan da ke nuna matsakaicin sukarin jini na kimanin wata uku.

Ba na cikin masu raina itatuwanmu, kuma ina ganin wanda ya raina su bai san tarihin ƙwayar da yake sha ba. Asalin metformin yana komawa ne ga wani tsiro da Turawa suka daɗe suna jiƙawa, kuma wani likita ɗan Faransa mai suna Jean Sterne ne ya gwada shi a kan masu ciwon sukari a 1957, aka sa masa suna Glucophage. Abin da ya raba ƙwayar da jarka shi ne an san abin da ke cikinta, an san nauyinsa, miligiram 500 ne ko 850 ko 1000, an san illarta, kamar ɓacin ciki da gudawa a makonnin farko da kuma raguwar bitamin B12 ga wanda ya daɗe yana sha, an kuma san cewa mai raunin ƙoda sai an duba shi kafin a ba shi. Mai jarka ba zai iya gaya maka ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, kuma jiƙon da ya haɗa yau ba lallai ƙarfinsa ya zo daidai da na makon jiya ba.

Zogale abinci ne mai kyau, Allah ya kuma hore mana shi a wannan jiha, kuma kwano na kwaɗon zogale ya fi wa mai ciwon sukari alheri a kan tulin farar shinkafa. Hulba da kirfa an yi bincike a kansu, wasu gwaje-gwajen sun nuna suna ɗan rage sukari, wasu ba su nuna wani abin kirki ba, kuma babu ɗayansu da ya kai matsayin maye gurbin magani. Kirfar da ta fi yawa a kasuwa ma tana ɗauke da wani sinadari da ke iya taɓa hanta idan aka yawaita ta kullum. Zuma kuwa, duk da albarkar da muka sani tana da ita, mafi yawanta sukari ne, kuma wanda ya maye sukarin shayinsa da cokali uku na zuma na'urar awo za ta nuna masa cewa bai rage komai ba. Haka dabino yake idan aka wuce ƙwaya ɗaya ko biyu.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne robobin ƙarin lafiya masu kyan kwali da ake shigowa da su, ana talla a WhatsApp da Facebook cewa tsantsar ganye ne. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sha yin gargaɗi cewa an samu wasu irin waɗannan kayayyaki da aka ɓoye maganin asibiti a cikinsu ba a rubuta a kwali ba. Haɗarin a bayyane yake ga wanda ke shan glibenclamide, wanda mutanenmu suka fi sani da Daonil, domin shi aikinsa matsa wa jiki ya fitar da insulin ko an ci abinci ko ba a ci ba. Idan aka haɗa shi da wani abin da ba a san cikinsa ba, sukari na iya faɗuwa ƙasa da giram 0,70, kuma faɗuwar sukari ta fi hawansa saurin kisa.

Na ga wannan da idona a fadarmu. Wani dattijo maƙwabcinmu ya sha ƙwayarsa da safe, ya bi ta da jiƙo, ya fita bai ci komai ba. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya sai zufa ta karyo masa, hannunsa na rawa har kofin shayi ya suɓuce, maganarsa ta fara harɗewa, yana kallon mu kamar bai san mu ba. Nan take wasu suka ce iska ce, aka aika a kawo garwashi da turare. Allah ya sa akwai wani ma'aikacin jinya a cikinmu, ya jiƙa ƙwayar sukari uku a ruwa ya ba shi, kafin kwata na awa dattijon ya dawo hayyacinsa yana tambayar abin da ya faru. Ma'aikacin ya gargaɗe mu cewa da suma ya yi ba za a ɗura masa komai a baki ba, sai dai a garzaya da shi asibiti. Tun daga ranar nake ganin wajibi ne duk mai shan irin wannan ƙwaya ko mai yin allurar insulin ya riƙa yawo da sukari a aljihu, iyalinsa kuma su san waɗannan alamu.

Yanzu yayana allurar insulin yake yi, kuma sai da aka sha fama kafin ya yarda, domin an cusa wa mutane cewa wanda aka kai ga allura kwanansa ya ƙare. Insulin abu ne da jikin kowane mai lafiya ke samarwa dare da rana. An gano shi a birnin Toronto na ƙasar Kanada a 1921, aka fara yi wa wani yaro ɗan shekara 14 a farkon 1922, kuma kafin wannan lokaci yaran da ke da nau'i na ɗaya, wato wanda jiki ke daina samar da insulin, ba sa daɗewa a duniya. Har yau irin waɗannan yara babu ganye ko ƙwayar da za ta tsaya musu a madadinsa, kuma uban da ya tsayar wa ɗansa allura don ya gwada jiƙo yana wasa da ran yaron ne cikin ƴan kwanaki. Wahalarmu a nan ita ce zafi. Kwalbar da ba a buɗe ba wurinta firji, tsakanin digiri 2 da 8, ba tare da ta daskare ba, wadda aka fara amfani da ita kuma kimanin mako huɗu take yi. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 wuta kuma na yawan ɗaukewa, uwargidan yayana tana sa kwalbar a ƙaramin gwangwani mai murfi, ta ajiye a cikin tukunyar ƙasa da aka zaunar a cikin wata babba, da jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, a lungun ɗaki inda iska ke ratsawa. Dabarar nan ce wani malami daga Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa don adana kayan miya har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Wani abin lura shi ne akwai insulin mai lamba 40 da mai lamba 100, ƙarfinsu ba ɗaya ba ne, kowanne da irin sirinjinsa, kuma wanda ya sayi kwalba a nan ya sayi sirinji a wani gari ba tare da ya duba ba yana iya yi wa kansa fiye da ninki biyu na abin da aka ce, ko ƙasa da rabi.

Na san da yawa ba jahilci ne ke kai su ga jarka ba, rashin kuɗi ne. Magani na kowane wata, da tsinken awo, da kuɗin ganin likita, nauyi ne babba a kan manomi ko mai tura kura, shi kuwa mai lasifika ya yi masa alkawarin biya sau ɗaya a huta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu wannan ciwo sun ƙaru daga miliyan 200 a 1990 zuwa miliyan 830 a 2022, kuma fiye da rabinsu ba sa shan magani. Ita ce kuma ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin goma na magungunan da ke yawo a ƙasashe irin namu jabu ne ko marasa inganci, abin da ya isa ya sa mutum ya guji ƙwayar da ta yini a kan tire cikin rana. A kan tiren nan ne ma ake sayar da ƙwayoyin sa ƙiba da ake kira sha ka fashe, waɗanda wasunsu ke tayar da sukarin jini, kuma ƴan matanmu ne suka fi shan su.

Saboda haka ina roƙon hukumomin lafiya su tabbata metformin da insulin masu rahusa ba sa yankewa a kantunan magani na gwamnati da asibitocin karkara, daga Dakoro har Madarumfa, domin wanda ya zo sau biyu aka ce babu, karo na uku kasuwa zai nufa. Ina roƙon gidajen rediyonmu su daina karɓar tallan duk wanda ya ce yana warkar da ciwon sukari cikin kwanaki. Likitocinmu da ma'aikatan jinya kuma, waɗanda na san aiki ya yi musu yawa, ina roƙon su riƙa tambayar majiyyaci cikin Hausa da sakin fuska ko yana shan wani abu na gargajiya, domin wanda ya san faɗa za a yi masa ba zai faɗi gaskiya ba, kuma yayana ya gaya mini cewa tsoron faɗan ne ya hana shi komawa asibiti a watannin nan bakwai.

Akwai kuma roƙo ga malamanmu kafin watan azumi ya kama. Allah ya yi wa marar lafiya rangwame a cikin Suratul Baƙara, amma da yawa daga cikin dattawanmu ba za su karɓi wannan daga bakin likita ba sai sun ji shi daga mumbari. A gaya musu su je a daidaita musu lokutan shan magani tun kafin a ga wata, a gaya musu cewa huda yatsa don awo ba ya karya azumi, kuma wanda sukarinsa ya sauka ƙasa da 0,70 ko ya haura giram 3 ya sha ruwa nan take ko da saura kaɗan a kira magariba.

Na gode da wannan dama. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Naku,
Malamin makaranta mai ritaya,
Unguwar Zariya, Maraɗi.