A ba mu tarihin Ulric Cross a shirinku

Malam edita assalamu alaikum, da fatan kana lafiya ya aiki ya ƙoƙari.

Ina bin shirinku na tarihi kuma gaskiya kuna ƙoƙari, amma duk sanda aka zo maganar yaƙin duniya na biyu daga Hitila sai Churchill sai kuma a ɗan taɓo kakanninmu da aka kai Bama shikenan an gama, kamar babu baƙar fatar da ya taɓa hawa jirgin yaƙi a lokacin. To akwai, ga ɗaya nan, Ulric Cross.

Ɗan ƙasar Trinidad ne da ke yankin Karibiyan, an haife shi a 1917, a 1941 ya shiga sojan saman Ingila. Shi ba matuƙi ba ne, shi ne mai zama gefen matuƙin da taswira yana lissafin hanya cikin dare, a wani jirgi da ake ce ma Mosquito wanda yawancin jikinsa katako ne kuma mutum biyu kawai yake ɗauka. Rundunarsu ita ke yin gaba ta sa alamar wuta a inda za a kai hari sannan manyan jirage su biyo baya, ka ga kuwa in ya kuskure lissafi kowa ya ɓata. Sau 80 ya fita, bayan na 50 ma an ce ya huta ya ce a'a.

Ni dai ba lambobin yabon da ya samu a yaƙin ne suka fi burge ni ba, abin da ya yi bayan yaƙin ne. Mutumin ya ajiye kaki ya koma karatu a Landan har ya zama lauya a 1949, ga aiki ya samu a BBC amma a 1958 ya tattara ya taho Gana lokacin Nkrumah, ƙasa sabuwa fil ba ta da isassun lauyoyi, yana wa gwamnati aiki yana kuma koyar da ɗaliban lauya. Daga nan sai Kamaru ta yamma inda ya kai har antoni janar, kuma wannan wurin ba wasa ba ne don yankin bai daɗe da rabuwa da Najeriya ba, su dokar Ingila suka gada sauran ƙasar kuma ta Faransa, dole a san yadda za a zauna tare. Sai Tanzaniya zamanin Nyerere, ya yi alƙalin babbar kotu ya kuma koyar da shari'a a jami'ar Dar es Salaam. Daga baya ya koma gida Trinidad, ya rasu a 2013 yana da shekara 96.

Don Allah ku ware masa ko minti 20 ne, in da hali ku gayyato wani malamin shari'a daga jami'a ya yi mana bayanin aikin da ya yi a Kamaru, don nan ne na fi son ji.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Mai sauraronku daga zangon Kumasi