Amsa ga Alhajin da ya ce da yunwar yara muke ƙiba

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

A shirin rediyo ka ambaci sunana, ka tambaya: duk dalolin agajin da aka zuba a Arewa maso Gabas, me talaka ya samu ban da ƙurar motocinmu? Ka ƙara da cewa irina, ma'aikatan agaji, da yunwar yara muke ƙiba. Wannan maganar ta ƙona mini rai.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma matan sansanonin 'yan gudun hijira na Maiduguri sun san ni. Aikina ɗaura ma'auni a damtsen yaro. Idan ya nuna ja, wato tamowa ta yi tsanani, uwar takan gane tun ban buɗe baki ba, sai ta gyara goyo ta tambaya ko abincin tamowa ya iso. Tun da Donald Trump ya dakatar da tallafin Amurka a Janairun 2025, aka kuma rufe USAID, hukumar ba da tallafi ta Amurka, sau da yawa amsata ita ce bai iso ba. Zo ka faɗa mata haka da bakinka, Alhaji, sannan ka yi mini zancen ƙiba.

Tsadar haya da ka kawo gaskiya ce. Zuwan ƙungiyoyi ya azurta masu gidaje da 'yan kwangila, malamin firamare ya koma bayan gari. Ban taɓa cewa agaji na gina tattalin arziki ba, rai yake riƙewa. Da hannun masu tallafi aka yi rigakafin da ya sa a 2020 aka ayyana Najeriya ta rabu da asalin ƙwayar shan inna. Masu ƙanjamau kuwa shirin PEPFAR na gwamnatin Amurka, wanda aka kafa a 2003, ya daɗe yana ba su magani. Wuta da hanya da masana'antu fa, haƙƙin wa ne?

A Abuja, a 2001, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi. Gwamnatin tarayya ba ta taɓa cikawa ba. A 2005 aka yafe mana bashin dala biliyan 18, ga shi mun sake nutsewa. Kun bar wa baƙo ciyar da 'ya'yanmu, ya janye hannu, kuna neman wanda za ku ɗora wa laifi.

Ka daɗe a kan muƙami ba mu ji ka damu da tamowa ba, sai yanzu da zaɓe ya ƙarato. To ga tawa tambayar, a wannan rediyon nake jiran amsa: lokacin da kake kan kujera, nawa aka ware wa asibitin ƙauyenku, nawa kuma ya isa?

Wassalam.