Taimin bel ba a ɗaure shi da ƙarfin tuwo

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka, dan Allah ina roƙon ɗan fili a jaridar nan in yi magana da 'yan uwana masu mota, musamman na nan Zariya. Ni bakanike ne, a Tudun Wada nake aiki, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 komai ya tashi na lura mutane da yawa sun koma gyara motocinsu da kansu a ƙofar gida ranar Asabar ko Lahadi, malaman makaranta ne, ma'aikata ne, har da direbobin haya masu yin Kaduna da Kano. Wallahi ban ga laifinsu ba, kowa ya san halin da aljihu yake ciki. Juyen baƙin mai, canza fulogi, canza fambel, duk mutum zai iya. To amma yanzu abin ya kai ga taimin bel, kuma motocin da ake jawo mana da janwe bayan an yi wannan aikin a gida su suka sa na kasa yin shiru.

Ba cewa nake kar a yi ba. Ana yi a gida kuma ya yi kyau, in mutum yana da kayan aiki da haƙuri. Abin da nake so a gane shi ne taimin bel ba irin fambel bane da zaka sa ƙarfe ka danna ka ɗaure ka tafi. Shi ne yake haɗa karanshaf na ƙasa da kamshaf na sama, duk zagaye 2 da karanshaf zai yi kamshaf zagaye 1 yake yi, ta haka bawul suke buɗewa su rufe daidai lokacin da fistin yake hawa da sauka. Shi yasa yake da haƙora. Haƙori ɗaya in ya goce mota zata rasa ƙarfi ta dinga shan mai tana kakkarwa, in ya goce da yawa ko ya tsinke kana cikin gudu, to a injina da yawa fistin zai taso ya tarar da bawul a buɗe ya doke shi ya lanƙwasa, daga nan kuma sai sauke tof silinda, wani lokacin ma sai dai a nemo wani injin a Panteka ko Ƙofar Ruwa.

Akwai maganar da nake yawan ji a bakin mutane, wai ai a bar shi sai ya tsinke a canza. Na san inda ta samo asali. Camry ɗin nan ta 1997 zuwa 2001 mai injin 2.2, wadda ake ce wa Pencil, in bel ɗinta ya tsinke mutuwa kawai take yi a hanya, bawul ba ya haɗuwa da fistin, a sa sabo a tayar a wuce. Sai mutane suka ɗauka duk mota haka take. Honda Accord ta 1998 zuwa 2002 ba haka take ba, Peugeot 406 ba haka take ba, injin dizal kuwa kar ma a fara. Kuma ko mai Camry ɗin, wa yake so motarsa ta mutu masa da iyali a ciki tsakanin Jaji da Zariya bayan magariba? Wasu kuma basu ma san ko motarsu bel gare ta ko sarƙa ba. Corolla daga 2003, Camry mai silinda 4 daga 2002, da Honda Accord ɗin da ake ce wa End of Discussion mai silinda 4, duk sarƙa ce a ciki, amma ita End of Discussion ɗin in V6 ce bel ne. Kafin ka sayi komai ka fara tabbatar da wannan.

Maganar lokacin canzawa, kowane kamfani da nasa adadin, yawanci yana faɗawa tsakanin kilomita 60,000 zuwa 160,000, ko wasu shekaru ko da motar bata yi tafiyar ba, domin roba ce tana tsufa ko a ajiye take. Honda ma sun rubuta cewa inda ake tsananin zafi a rage, a canza a mil 60,000, kusan kilomita 100,000 kenan, kuma duk wanda ya san zafin watan Maris da Afrilu a garin nan da ƙurar hunturu ya san ba sai an ce masa ya bi ƙaramin adadin ba. Sannan motocinmu kusan duk 'yan Kwatano ne, baka san wanda ya hau ta a Amurka ko Jamus ba, mitar ma sau da yawa an mayar da ita baya, wata kuma da mil take ƙirga kai kana zaton kilomita ne alhali mil 1 kilomita 1.6 ne. Ni shawarata duk wanda ya sayi mota mai bel kuma ba shi da tabbacin yaushe aka canza, ya canza kawai ya rubuta lambar mita da kwanan wata a jikin murfin.

Yanzu ga wanda ya ce shi a gida zai yi. Ka cire kan batir tukuna. In ka ɗaga mota kar ka dogara da jak kaɗai, ka sa mata abin tokare mai ƙarfi, ba bulo ba, bulo yana fashewa ba sallama. A motoci da yawa sai ka cire ƙafar injin ta gefen bel ɗin, to ka tallafe injin daga ƙasa da jak ka sa katako a tsakani dan kar ka lotsa tankin baƙin mai. Kusar fulin karanshaf ita ce mai taurin kai, kuma na san dabarar da ake yi ta tokare sifana a buga kik, dan Allah masu tsohuwar Honda ku bar wannan, injinku hagu yake juyawa ba dama ba, ƙara ɗaure kusar zaku yi ko sifanar ta fizge ta ji wa wani ciwo. Ka cire fulogi duka dan injin ya juyu da sauƙi, ka juya da hannu ta inda yake juyawa har makin karanshaf da na kamshaf, wato alamomin saiti da kamfani ya yi a jikinsu, su zauna daidai da na jikin injin, ka ɗauki hoto da waya kafin ka taɓa komai. 406 ita ramuka gare ta da ake zura fil a kulle kamshaf da filawil, in baka da fil ɗin ka aro, kar ka ce zaka riƙe da ido. Da zarar tsohon bel ya fita kar ka sake juya komai.

Kuma tunda ka riga ka buɗe, kar ka canza bel kaɗai. A mafi yawan motocin nan shi yake juya watafam, famfon da yake zagaya da ruwa a injin, ga tenshona mai riƙe ɗaurin bel ɗin ga fulin da yake bi ta kai, duk boris ne a cikinsu kuma tare suka tsufa. Sabon bel a kan tsohon boris, ranar da boris ɗin ya cije bel ɗin zai tafi da shi. In ka ga jiƙar baƙin mai a wurin to oyil sil ne yake yoyo, ka canza shi, mai yana cinye robar. Accord ɗin nan ta 1998 zuwa 2002 mai silinda 4 bel 2 ne a ciki, akwai ƙarami na balansa, shi ma in ya tsinke yana iya shiga ƙarƙashin babban. Wajen saye kuma jabu sun cika kasuwa, kwalin Gates ko Continental ko Dayco amma na ciki wani abu daban, in ka ji kuɗin ya yi araha fiye da kima ka ajiye. Ka ɗora sabon kan tsohon ka ƙirga haƙoran ɗaya bayan ɗaya, ka duba faɗi, in akwai kibiya a bayansa ta kalli inda injin yake juyawa. Kar a karya shi biyu, kar a tura shi da sukudireba, zaren cikinsa ne yake karyewa kuma ido baya gani.

Sai ɗauri, wanda shi ne ainihin abin da ya sa na yi wannan wasiƙa. Mutanenmu sun yarda cewa duk abin da aka ɗaure tamau shi ne ya ɗauru, har da wasu abokan sana'ata, gaskiya ɗaya ce. Wannan ba igiyar ɗaure buhunan masara a bayan akori-kura bace. In ya yi tsauri da yawa zaka ji injin yana wani kuka siriri da yake ƙaruwa in ka taka totur, wannan kukan boris ɗin watafam da na tenshona ne suke shan wahala, ba zasu daɗe ba, kuma ka tuna injin in ya yi zafi ƙarfe yana buɗewa bel ɗin ya ƙara tsauri kan wanda ka yi masa. In kuma ya yi sako-sako zai dinga dukan murfi, wata safiya da sanyi ka buga kik ya tsallake haƙora. Kowace mota da yadda ake mata. Wajen sawa, gefen da injin yake ja ya zama a miƙe, duk sakin ya taru a gefen tenshona. Golf 3 mai fetur da hannu ake saita ta, gwajin da aka sani shi ne ka kama bel ɗin a inda ya fi tsawo da babban yatsa da manuni ka murɗa, ya murɗu kwata ɗin zagaye da ƙyar, digiri 90 kenan, in ya wuce ya yi saki in ya ƙi kaiwa ya yi tsauri. Tsohuwar Honda mai silinda 4 sifirin gare ta, zaka sassauta notin, ka juya injin hagu haƙora 3, sifirin ɗin ya ja iya abin da aka ƙera shi ya ja, sai ka ɗaure notin, ba ruwanka da ƙara masa da ƙarfe. Su Sienna da Camry V6 masu bel tenshonarsu ta mai ce, a hankali ake matse ta a bais, ƙarfen matsewa na kan teburin aiki, a zura siririn fil, sai an gama komai a zare fil ɗin, in ka matse ta da gaggawa ka kashe ta.

Bayan ka ɗaure kar hannunka ya je wurin makulli. Ka sa sifana ka juya karanshaf da hannu cikakken zagaye 2, a hankali, in ka ji ya tokare da wani abu ka tsaya nan take kar ka matsa, bawul ne yake gaya maka akwai matsala. In ya zagayo lafiya ka sake duba maki duka, ka sake taɓa ɗaurin. Wannan aikin bai fi minti 5 ba amma yawancin motocin da ake jawo mana in ka tambayi mai ita zaka tarar nan ya tsallake, ya gaji rana ta yi yana so ya ji ta tashi. Sannan in ka mayar da lagireto ka zuba kulan, wato ruwan sanyaya inji na kanti, ruwan rijiya zalla tsatsa yake sa wa sabon watafam ɗin.

Malam Edita, roƙona biyu ne. Duk wannan bayanin yana cikin littattafan motocin amma da Turanci, yaran da suke koyon aiki a garejinmu kuwa da yawansu Hausa suke karantawa, abin da oga ya yi shi suke kwaikwaya ko daidai ko ba daidai ba. Da jaridarku zata ware ko rabin shafi ne a mako dan gyaran mota da Hausa, da an taimaki mutane sosai. Na biyu, muna da cibiyar fasahar sufuri ta NITT a nan hanyar Basawa, muna da kwalejin fasaha ta Nuhu Bamalli, ga sashen injiniya na ABU a Samaru, duk a gari ɗaya da mu. Ina roƙonsu su haɗa kai da ƙungiyar kanikawa ta NATA su dinga shirya mana bita ta kwana ɗaya ko biyu da Hausa, a kawo injin a buɗe a gaban kowa a nuna maki da ɗauri da yadda ake amfani da sifanar awon ɗauri, masu motar da suke son yi a gida su ma a bar su su shigo. In aka sa ranar Lahadi da yawanmu zamu zo da yaranmu.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wani bakanike daga Tudun Wada, Zariya