Rahoton Shekara na Kwamitin Yaɗa Labarai ga Mambobi

Assalamu alaikum 'yan uwa mambobi.

Tarukan wata-wata an yi su duka ban da na watan azumi, bayaninsu kuma yana littafin sakatare ga mai bukata.

Babban taronmu na baje kolin tsofaffin motoci a Kaduna shi ya ci mafi yawan lokacin kwamiti a bana, kuma alhamdulillahi kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Wanda ya halarta ya ga Fijo 504 a jere, salun da wagon da fikof, tsofaffin Marsandi a gefe guda, ga jama'ar da ba mambobi ba sun cika fili tun kafin a buɗe taro da addu'a. Yawancinsu a waya suka ga sanarwa, saboda haka ya kamata a rubuta yadda aka yi aikin don kwamitin da zai gaje mu.

Mun fara ne saura mako shida. Sanarwar farko hoto ɗaya ce mai ɗauke da rana, wuri da lokaci, kuma ba a sake taɓa ta ba, domin sanarwa iri biyu in suka shiga WhatsApp ba mai iya janye tsohuwar. Daga nan duk bayan kwana biyu ake sa motar mamba ɗaya da hoto uku: gaba daga kusurwa, dashbod da sitiyari, sai inji a buɗe. A ƙasa layi huɗu kawai, shekarar ƙira, irin inji, abin da aka gyara, da abin da har yanzu na asali ne. Bayan sallar isha'i muke sakawa, lokacin da mutane suka zauna da wayoyinsu.

Abin da ya fi jan hankali shi ne tarihin 504. Mun kawo cewa ta fito a Faransa a 1968, ta zama gwarzuwar motar Turai ta 1969, ta ci gasar Safari ta Kenya a 1975, a shekarar kuma kamfanin Fijo na Najeriya, wato PAN, ya fara haɗa motoci a Kakuri, nan Kaduna. Dattawa suka cika wurin sharhi, wannan ya tuna motar mahaifinsa, wancan ya tuna lodin Kaduna zuwa Kano. Ga kanikawa da masu kayan gyara na Panteka, waɗanda da yawansu ba ruwansu da Facebook, sai muka bi su da fosta gareji-gareji da sanarwar rediyo da Hausa. Sun zo, kuma su ne suka raya zaman tambaya da amsa kan kafireta da lagireto.

Bidiyon da ya fi yawo bai kai minti ɗaya ba. Wani dattijo, tsohon ma'aikacin haɗa motoci, ya jingina da wata farar 504, ya karkata kunne wajen inji, ya juya sukurun kafireta kaɗan da sukundireba, nan take kakkarwar inji ta kwanta. Ba waƙa, ba magana, ƙarar inji kawai. A nan gaba irin wannan ya kamata masu ɗauka su riƙa nema, ya fi dogon jawabi tasiri nesa ba kusa ba.

An samu tangarɗa, kuma gara a faɗe ta. Shirin kai-tsaye na Facebook ya yanke sau biyu, saboda jama'a sun yi wa hanyar sadarwa yawa a wuri ɗaya kuma layi ɗaya muka dogara da shi. Maganinsa layi biyu na kamfanoni daban-daban, da rage ingancin hoto zuwa 720p. Jawabin buɗe taro bai fita da kyau ba domin janareta na kusa da rumfa, wayar kuma tana nesa da mai magana. Ƙaramin makirufo na maƙalawa a wuyan riga zai raba wannan gardama. Wani bidiyon da mamba ya ɗora wa waƙa, Facebook ya kashe masa sauti saboda haƙƙin mallaka. Ƙurar hunturu ma ta ba mu aiki, mota mai baƙin fenti ba ta minti ashirin sai ta yi fari, dole a goge ta dab da ɗauka, kuma hoton safe kafin ƙarfe 9 ko na bayan la'asar ya fi na tsakar rana. A sani kuma, tun Fabrairun 2025 Facebook yana goge bidiyon kai-tsaye bayan kwana 30. Mun sauke namu mun adana a wuri biyu.

Masu tambayar dalilin da ya sa ba a ɗauki hoto daga sama ba, ba sakaci ba ne. Tashin jirgi mara matuƙi yana bukatar izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta NCAA da sahalewar ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, kuma babu kuɗin bin wannan hanya a asusu. Haka bidiyo biyu da muka cire daga zauren ƙungiya, na gudun ganganci ne a kan titi. Mun sanar da Hukumar Kiyaye Haɗurra kafin jerin gwano, mun yi alkawarin tafiya a natse, ba za mu bari a haɗa mu da masu wasa da mota a wajen biki ba. Lambobin motoci ma da gangan aka rufe su a hotuna, don tsaron masu su.

Yanzu ga abin da bai kammala ba. Cikakken bidiyon taro bai hau YouTube ba, domin mai tacewa bai karɓi cikon kuɗinsa ba, kuma yana da gaskiyar riƙe aikinsa. Kalandar da aka yi alkawari an tsara ta, tana kwance a kwamfuta, kuɗin bugawa ne babu. Kundin motocin mambobi ya tsaya saboda fom ɗin da aka raba, mai tambaya biyar kacal, yawanci bai dawo ba. Kwamiti ya sha suka a kan waɗannan uku, to amma da me za a yi? Fiye da rabin mambobi ba su kammala kuɗin shekara ba. Data, fosta da man zirga-zirga duk daga aljihun 'yan kwamiti suka fito, har yau ba a mayar musu ba.

Abin da ya fi ciwo ba kuɗin ba ne ma. Akwai mambobin da ake ganin sun karanta saƙon tunatarwa, su yi gum, amma ranar taro su ne farkon kafa mota a layin gaba, daga baya kuma su kira suna neman hotonsu. Akwai waɗanda a mako shida ɗin nan ko sau ɗaya ba su tura sanarwa a shafinsu ba, alhali tura ta ba ya cin ko sisi. Mutane ƙalilan ne suka ɗauki kayan kowa, kuma sun gaji. Mun faɗa a zaure, muna maimaitawa a rubuce.

A taron wata mai zuwa ma'aji zai karanta sunayen waɗanda ake bi bashi, kamar yadda aka amince. Wanda ya biya kafin nan ya tura masa shaidar biya kai-tsaye. Mai hotunan taro a wayarsa ya turo su ta WhatsApp a matsayin fayil, kada ya turo su a matsayin hoto, domin manhajar tana matse su har su ƙi buguwa a takarda. Bidiyon TikTok da Instagram a tsaye, na YouTube a kwance. Muna kuma neman mutum biyu da za su karɓi kula da shafukan ƙungiya, ɗaya Facebook, ɗaya TikTok, a ba da suna wajen sakatare.

Allah ya bar zumunci, ya tsare mu a hanya.

Kwamitin Yaɗa Labarai